Sunana a Ƙasan Takarda

Shekara tara nake tantance auduga a Garwa,
a ɗakin da fanka ke kora zafi, bango ya dawo da shi.
Na san silin da zai tsinke tun bai hau inji ba,
na san dam ɗin da aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi,
yatsa ke gaya mini kafin sikeli ya buɗe baki.
Amma in rahoto ya hau bene,
sai ya sauko sanye da hular wani,
babu ko ɗigon tawada na sunana.

Ban tanka ba.
Malama Ubbo ta karantar da mu a Islamiyyar Kolere
cewa riya na cin aiki kamar gara a rumbu.
Na ɗauki karatun na ƙara masa faɗi da tsawo,
na yi mayafi da shi,
na ja shi har ya rufe bakina.

Azahar a tsakanin damman auduga nake yin ta,
kan wani buhu da na wanke na keɓe.
Maipa mai lissafi, da ƙaramin gicciye a wuya,
ita ke tsayawa a ƙofa tana tare lebura har in sallame.
Ran nan ta ce, tana ɓare gyaɗa, ko kallona ba ta yi:
"Dijatu, sadaka ake ɓoye hannun da ya bayar.
Wannan ba sadaka ba ce, aiki ne, har da albashi."
Na yi dariya,
maganar kuwa ta bi ni gida, ta kwana a kunnena.

Sai ga tirela uku daga Gidar,
auduga mai sanyin jiƙa, tana warin ɗakin damina.
Shugaban sashe, Musa Gaji, ya dafa tebur:
"Rubuta lamba ɗaya. Ni zan sa hannu.
Ke wa ya san da ke?"
Nan na ga abin da shekara tara ta ɓoye mini:
aikin da ba shi da suna, kowa na iya rataya masa ƙarya,
kuma ranar da za a ɗaga ma'auni,
ba hular Musa za a kira ba,
za a tambayi hannuna.

Na rubuta lamba uku.
Na rubuta Dijatu Hamajoda, harafi bayan harafi,
biro na rawa kamar kara a bakin Binuwai.
Matakala ashirin da biyu ce zuwa ofishin darakta,
na ƙirga su da salati,
gwiwa na cewa koma,
na ce mata ba ke ce limamina ba, bi ni a baya, yau ni ce da kaina.

Darakta ya cire tabarau: "Sabuwa ce?"
Na ce, shekara tara, ranka ya daɗe.
Ba a tafa ba. Ba a ma ba ni kujera ba.
Musa ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.
Sai bayan an kwashe kaka aka liƙa allo a ƙofa,
sun rubuta sunan a karkace, da harafin da ba nawa ba,
aka ɗora sefa dubu goma sha biyar kan albashina.

Inna ba ta karatun boko.
Ta shafa katin da ke wuyana kamar mai duba ƙyalle a kasuwa,
ta ce, "Allah Ya sa kar ya fi ki nauyi."
Na ce amin, har yau ina cewa,
don riya ba ta mutu ba, nakan ji takunta a raina.

An kawo mini 'yar koyo, Asta, mai sunkuyar da kai.
Na ce, fara da yatsa, ki ji ruwan da aka ɓoye.
In kin gama, ga biro.
Ta ce, a ina zan sa?
Na nuna mata ƙasan takarda,
dab da nawa, inda na bar mata fili da gangan a gefena.